Rediyon Babana da Dakalin Alhaji

Babana ma'aikacin tangarahu ne a reluwe, nan tashar Zariya, tun zamanin da saƙon jirgin ƙasa ke tafiya ta waya da bugu, dogo da gajere, abin da ake kira Mos. Mu tara ya haifa, ni kaɗai ce na zauna na koyi bugun nan a wurinsa. Da cokali yake koya mini a jikin kwanon sha, bayan an gama cin tuwo. Da ya rasu aka zo rabon abin da ya bari, 'yan'uwana maza ba wanda ya ko kalli rediyonsa, sai ya faɗo a rabona. Rediyo ne mai nauyi, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. A hannun wani Bature da zai koma gida ya saye shi. Yana kama gajeren zango, kuma yana da wani ƙaramin maɓalli a gefen dama wanda rediyoyin kasuwa ba su da shi. In ka murɗa shi, bugun da ke ɓoye cikin shuuu ɗin iska sai ya fito tangaran. A saman gilashin Baba ya manna wata siririyar takarda, ya yi wa wasu wurare alama da alƙalaminsa.

Lokacin da na yi ritaya daga koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, maigidana ya riga ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa. Ni kaɗai na rage a gidanmu na Tudun Wada. Sai na sauko da rediyon daga kan sif, na goge shi, na sa aka ɗaura mini waya daga darbejiyar tsakar gida zuwa rufin ɗakina, na samo batirin mota. Labarai na yi niyyar ji. Amma wata la'asar ina murɗawa na iso ɗaya daga cikin wuraren da Baba ya yi wa alama, na taɓa ƙaramin maɓallin, sai na ji dogo ɗaya, gajeru biyu. Aka ɗan yi shiru. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Harafin D ke nan. Na gyara zama ina jiran sauran saƙon, babu. Har aka kira magariba D ɗin nan yake maimaita kansa. Washegari na matsa da allurar kaɗan, kamar faɗin gashi, na ji gajeru uku, wato S. Daga baya na samu P, na samu C, duk a cushe wuri guda, kowane da irin muryarsa.

Ɗana da ke aiki a Kaduna ya duba mini a wayarsa. Ya ce masu sauraro a ƙasashe da yawa sun san da su, ana kyautata zaton na sojojin ruwan Rasha ne, kowane harafi daga wani gari yake fitowa, amma masu su ba su taɓa fitowa sun yi wa kowa bayani ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ba kullum ake jin su ba. Wata rana D ya zo da ƙarfi kamar a bayan katanga yake, wata rana ka yi ta kasa kunne sai can ƙasa-ƙasa ka ji shi. C kuwa sai in yi mako ban same shi ba. Na ɗauki littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layi da rula, ina rubuta rana da lokaci da harafin da na ji da ƙarfinsa. Halin malaman makaranta ne, ba ya barin mutum. Tsakanin la'asar da magariba nake zama, da shayina a gefe. Ban cuci kowa da wannan ba.

Katangarmu ɗaya da wani Alhaji mai sayar da ƙanƙara. Mun fi shekara ashirin muna maƙwabtaka. Matarsa ce ta riƙa kawo mini abinci lokacin da nake takaba, ba ta taɓa fashi ba. Shi kuma da firiza biyu ya fara a zaurensa, a hankali har ya cika ɗakunan baya da su, masu kekuna da 'yan acaɓa suna layi a ƙofarsa suna ɗaukar ƙanƙara a buhu. Shi ne shugaban kwamitin wutar layinmu. In taransifoma ta ƙone, shi ke tara mutane, shi ke zuwa a kira masu gyara, shi ke faɗin wanda ya jawo. A ƙofar gidansa ya gina wani dogon dakali na siminti, jikin turken wuta, a nan yake zama da carbinsa ana gaishe shi.

Wani lokaci sai na fara jin wata ƙara a rediyon, kamar an zuba ɗanyen kifi a tafasasshen mai. In an ɗauke wuta ta ɓace, haruffana su fito tas. In an kawo wuta ta dawo ta rufe komai. Baba ya taɓa gaya mini cewa irin wannan ƙarar tartsatsi ne, wato akwai inda waya ba ta ɗauru sosai ba, wuta na tsalle tsakanin bakin biyu. Na duba gidana kaf ban samu komai ba. Na lura kuma in na matsar da rediyon kusa da katangar Alhaji ƙarar tana ƙaruwa. Tsoro ya kama ni, don gobara na tuna, ga yara cike da gidansa. Na sa hijabina na fita na same shi a kan dakali.

Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, da ka sa mai gyaran wuta ya duba maka gidan nan. Akwai wayar da ke tartsatsi ta ɓangarenka."

Ya ce, "Malama, wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini. Rediyona ne ke jin ta. Ko a cikin bango take, ko a ƙarƙashin ƙasa, zai ji."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah. Rediyo har da jin ƙarƙashin ƙasa? To, Malama, na gode, za a duba." Na koma gida ina ganin na sauke haƙƙin maƙwabtaka.

A cikin watan nan ne aka sace wani ɗan kasuwa na layinmu a hanyar gonarsa. Unguwa ta rikice. Duk inda ka zauna magana ɗaya ce, wai ba yadda za a yi su san ranar da zai je gona sai da ɗan gari, akwai infoma a cikinmu. Kowa ya shiga kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji an banko ƙofa ba sallama. 'Yan sintiri ne, sun fi goma, da gorori da adduna, ga mutanen unguwa a bayansu har waje. Kaina ko ɗankwali babu. Babbansu ya nuna wayar da ke kan darbejiya ya ce, "Ga eriyar nan." Suka shige ɗakina da takalma. Suka fito da rediyon, suka fito da littafin. Wani ya buɗe shi ya ɗaga sama yana nuna wa jama'a. "Ku gani! D, ƙarfe biyar da kwata. S, ƙarfe biyar da rabi. Sunayen waɗanda za a ɗauka ne a ɓoye!"

Na ce, "'Ya'yana, ku tsaya in kunna muku ku ji da kunnenku."

Babban ya ce, "Mama, ki kunna ki sanar da su mun zo?"

Kafin in sake buɗe baki wani ya ɗaga gora ya sauke a kan rediyon. Sau uku ya buga. Gilashin ya tarwatse, allurar ta karye, takardar Baba ta yage ta faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Na durƙusa zan tsamo ta, aka fizgo ni. Da ƙyar wata mata ta miƙo mini mayafi. A ƙasa suka tafi da ni har bakin titi kafin a sa ni a keke mai ƙafa uku, ana biye da mu ana cewa infoma. A cikin masu kallo na ga matan da na koya wa lissafi suna goye da 'ya'yansu. Na ga Alhaji a kan dakalinsa, ya sunkuyar da kai yana girgiza shi kamar mai jimami.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da ni a benci har kusan magariba. Allah ya taimake ni da wani dattijon jami'i wanda ya taɓa aiki a ɗakin oba-oba, inda suke aika saƙo ta rediyo. Ya yi ta juya shafukan littafin, sai ya ajiye shi, ya ƙwanƙwasa tebur da bayan biro: dogo ɗaya, gajeru biyu. Na ce, "D, yallaɓai." Ya sake bugawa, na ce, "P." Ya ce, "Wa ya koya miki, Hajiya?" Na gaya masa. Ya juya ga babban 'yan sintirin ya ce, "Wannan akwatin da kuka fasa ji kawai yake yi, ba ya aika komai. Kamar kunne ne, ba shi da baki. Kun zalunci baiwar Allah."

Na tambaye shi wanda ya kawo ƙarata, ya ce ba a faɗa. Amma takardar tana kan teburinsa, tana kallonsa. Na shekara talatin da wani abu ina tsayawa a gaban teburin ɗalibai ina karanta aikinsu a juye. Ban sha wahala ba. Sunan Alhaji ne a ƙasa, da sa hannunsa da na sani a takardun kwamitin wuta.

An sake ni a ranar, amma sakin ofis daban, sakin unguwa daban. Iyayen da ke turo mini 'ya'yansu mata darasin lissafi ranar Asabar suka daina. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Mai kayan miya ya riƙa miƙo mini tumatir ba ya kallon fuskata. Ko da aka sako ɗan kasuwan bayan makonni, ya ce da bakinsa wani mai yi masa aikin gona ne ya sayar da shi, ba wanda ya tako ya ce mini a yi haƙuri. Na kai rediyon wurin wani tsohon mai gyara a Sabon Gari, ya buɗe bayansa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Hajiya, abin da ya karye a ciki an daina yin irinsa kafin a haifi 'ya'yana." Na naɗe shi a zani na dawo da shi gida.

Ɗana ya zo daga Kaduna ya ce in tattara in bi shi. Na ce ba inda zan je. Ya ce, "To Umma, ki bar wa Allah." Na ce, "Na ji." Ban bar wa kowa ba. Tunani ɗaya nake yi safe da yamma: me na yi wa mutumin nan? Ba mu taɓa faɗa a kan kwata ko shara ba. Sai wata safiya ina shara na tuna yadda carbinsa ya tsaya da na ce rediyona na jin ƙarƙashin ƙasa. Na jingina tsintsiyar na zauna a kan turmi. Ashe ni na kai masa kaina, da hijabina da ladabina.

Ranar na shiga kasuwar Tudun Wada na sayi ƙaramin rediyo irin na masu gadi, mai shiga tafin hannu, da abin sawa a kunne. Ba zai kama haruffana ba, ba kuma don su na saye shi ba. Na sa shi a matsakaicin zango, inda babu tasha, na ɓoye shi cikin hijabi. Duk ranar da akwai wuta sai in fita kamar zan je sayen wani abu, in bi ta jikin katangar Alhaji a hankali. Daga ƙofata ƙarar ƙasa-ƙasa take. In na kai tsakiyar katangarsa ta tashi. In na iso dakalin sai ta cika mini kunne har in ji haƙorana na zafi. In na wuce turken da taku goma ta mutu. Na gwada daga gabas, na gwada daga yamma, na gwada daga tsallaken kwata. Duk wuri ɗaya suke nunawa. Na kuma lura da wani bututun roba da ya sauko jikin turken ya shige ƙasa a bayan dakalin, an shafe shi da siminti. Shekara da shekaru ina wuce shi ban taɓa tambayar na mene ne ba. Na kuma tuna cewa an gina dakalin ne a shekarar da firizojin suka ƙaru.

Kullum in na zo wucewa sai na tsaya na gaishe shi. "Ina wuni, Alhaji. Ya kasuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, Malama. Ya haƙuri?" Ƙarar wayarsa na tafasa a kunnena, ni kuma ina yi masa murmushi.

Da na so, da tun makon farko na je na sanar da masu wuta. Amma na san abin da zai biyo baya: a shiga zaure, a rufe ƙofa, a fito ana dariya, unguwa ba ta ji komai ba. Ni kuwa a gaban jama'a aka fito da ni ba ɗankwali. A gaban jama'a nake so a fito da shi.

Wata huɗu na yi ina jira, kuma akwai abin da ya faru a cikinsu wanda ba na alfahari da shi. Taransifoma ta sake ƙonewa. Alhaji ya tara kwamiti ya ce wani tela ne a ƙarshen layi ya jawo, wai dutsen gugarsa da kekunan ɗinkinsa sun yi wa layin nauyi. Aka hau turke aka yanke wa telan wuta. Mutum ne mai iyali da yawa, ba ya da bakin musu. Na riƙa ganinsa yana hura gawayi a dutsen guga, ya koma taka keke da ƙafa. Na san gaskiya, ina da hujja a cikin hijabina, amma na yi shiru, don a ranar mutanen da suka taru ba su kai yadda nake so ba. Na bar shi ya sha wahalar wata biyu saboda lissafina. Wannan yana wuyana, na sani.

Azumi ya kama cikin tsananin zafi. A irin lokacin nan ƙanƙara ta fi komai daraja a Tudun Wada, layin ƙofar Alhaji har ya kan tare hanya. Ranar goma ga wata taransifoma ta sake bugawa da tsakar rana. Kwana biyar unguwa ba wuta, ba ruwan sanyi, masu injin markaɗe da masu aski duk sun tsaya, yara sun fito da ƙuraje. Ran mutane ya ɓaci iyakar ɓaci, don ga shi an yanke wa telan amma ba abin da ya sauya. Da aka gyara aka kawo wuta, mai unguwa ya ce kowane magidanci ya hallara a ƙofar gidansa bayan sallar la'asar, a gano bakin zaren.

Na yi wanka, na sa atamfar da nake zuwa taron iyaye da malamai da ita, na sa wa ƙaramin rediyon sabon batir. Mata ba sa zuwa irin wannan taron. Da na iso, Alhaji ne a tsaye yana magana, yana cewa akwai masu walda a ɓoye a cikin gidaje, dole a bi gida-gida. Na yi sallama da ƙarfi. Kowa ya juyo. 'Yan sintirin nan suna gefe da gororinsu.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi magana. Ni ma ina layin nan."

Mai unguwa ya ce, "Bismillah, Malama."

Na ce, "Alhaji ya yi gaskiya, a bi gida-gida. Amma ba sai an shiga ɗakin matan mutane da takalma ba. Wannan abin zai kai mu." Na fito da rediyon, na zare abin kunnen, na ƙure murya. "Inda waya ke tartsatsi yana kuka. A fara da gidana."

Wani daga baya ya ce, "Ita da rediyonta kuma!" Aka yi 'yar dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɓata lokaci ne, ga magariba na matsowa, mutane na azumi."

Mai unguwa dattijo ne mai jinkirin magana. Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "Mu je."

Na shiga gaba, na ɗaga rediyon sama yadda aka ɗaga littafina. Muka shiga gidana, na zagaya da shi ko'ina, shuuu kawai yake. Na ce a je shagon tela. Nan ma shuuu. Telan yana tsaye a ƙofa bai san me ake ciki ba, ya biyo mu. Sannan na juyo na bi ta jikin katangar Alhaji, taku ɗaya-ɗaya, ban yi sauri ba ko kaɗan. Ƙarar ta fara tashi. Surutu ya ragu. Da na kai tsakiyar katangar ba ka jin komai sai takun takalma da tafasar rediyon. Na isa dakalin na ɗora shi a daidai inda Alhaji ke zama. Ya ɗauki ƙara kamar zai fashe. Na ja da baya na naɗe hannuwana.

Alhaji ya ce, "Turke ne! Kowane turke haka yake yi!"

Na ce, "A gwada na gaba." Babban 'yan sintirin da kansa ya ɗauki rediyon ya kai turke na gaba. Shiru. Ya dawo da shi, ƙarar ta dawo.

Mai unguwa ya sa mai gyaran wutar layinmu ya je ya kashe daga taransifoma, sannan ya ce a kawo diga. Alhaji ya tare gaban dakalin da babbar rigarsa yana cewa ba mai fasa masa gini sai da takardar kotu, wasu dattawa biyu suka riƙe shi suka matsar. Bugu kaɗan simintin ya buɗe. Ga kebul nan mai kaurin hannun yaro, ya sauko ta cikin bututun, ya bi ƙarƙashin dakalin ya shige gida, bai ko san hanyar mita ba. An haɗa shi a wuri ɗaya da robar tayar keke, robar ta narke, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin.

Telan ne ya fara magana. Ya ce, "Alhaji, ni ka sa aka yanke wa wuta." Daga nan wuri ya kaure. Matasa suka yo kansa, hularsa ta faɗi a kwata. Na ga gora ta tashi sama. Zan faɗi gaskiya, ban ce a bari ba. Mai unguwa ne ya shiga tsakani da sandarsa yana cewa, "Duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ni."

Da aka ɗan lafa na ce, "Ranka ya daɗe, saura magana ɗaya." Na juya na fuskanci Alhaji. "Alhaji, wa ya rubuta wa hukuma cewa ni infoma ce?"

Ya ce, "Malama, don girman watan nan..."

Na ce, "Na ga takardar, na ga sa hannunka. So nake su ji daga bakinka. Kuma ka gaya musu kwana nawa ne tsakanin ranar da na zo na ce maka wayarka na tartsatsi, don kada gidanka ya ƙone da 'ya'yanka, da ranar da ka rubuta ta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ne. Sharrin shaiɗan ne."

Na ce, "Ba su ji ba a baya."

Ya sake faɗa da ƙarfi. Na bi fuskokin mutanen ɗaya bayan ɗaya, duk wanda muka haɗa ido sai ya kawar da kai. Wanda ya fasa rediyon Baba ya zo ya tsuguna a gabana yana cewa Mama ki yafe mini. Na ɗauki ƙaramin rediyona na kewaye shi na shige gida. Ana kiran magariba na sha ruwan randa da dabino uku, ban taɓa buɗa-baki mai daɗin wannan ba.

Washegari masu wuta suka zo suka naɗe kebul ɗin suka yanke gidan gaba ɗaya. Ƙanƙarar da ke cikin firizojin ta narke, ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya cika kwata har ƙofar gidana. Na fito da kujera na zauna a zaure ina kallonsa yana wucewa. Aka cire Alhaji daga kwamiti, aka maida wa telan wutarsa. Shi kuwa Alhaji ya daina fitowa, sallah ma a wani masallaci can wajen Hanwa yake yi, inda ba a san shi ba.

Bayan sallah da mako biyu matarsa ta yi sallama. Ta rame. Tana ɗauke da kwali, sabon rediyo ne a ciki, babba, mai kyalli. Ta ajiye a gabana ta ce, "Malama, ya ce a kawo miki. Ya ce ki dubi zaman da muka yi."

Na ce, "Hajiya, tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar Juma'ar nan, kin san za su zo?"

Ta murza bakin mayafinta. Ta ce, "Da safe ya ce kada in bar yara su shiga gidanki ranar."

Na ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da kin leƙo kin ce in ɗaura ɗankwali ma, da ya isa."

Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi mai isarta, na kawo mata ruwa, don ban manta kwanukan da ta kawo mini ina takaba ba. Da za ta tafi na ce ta ɗauki kwalinta. Ta ce in bar shi ko don ita. Na ɗauka da kaina na raka ta da shi har ƙofar gidansu, na ajiye a kan ɓaraguzan dakalin.

Kafin damina ta ƙare ya sayar da gidan, ya kama haya a Tudun Jukun. Ranar tashinsu motar kaya ta zo da safe, aka yi ta fito da firizojin da suka rage ana lodawa. Ina tsakar gida na ji sallamarsa a zaure, sau uku. Na sa hijabi na fito. Yana tsaye, ya tsufa a 'yan watannin nan, rigar ta yi masa yawa.

Ya ce, "Malama, za mu tafi. Mutuwa ba ta sallama. Ina roƙon ki yafe mini."

Na nemi yafiyar a cikin raina, da gaske na neme ta, ban same ta ba. Ban kuma ga dalilin da zan yi masa ƙarya a ƙofar gidana ba.

Na ce, "Alhaji, na ji roƙonka. Ban yafe ba tukuna. In Allah ya sa na yafe, zan aiko a gaya maka."

Ya ce, "To, Malama." Ya juya ya hau gaban motar. Matarsa ta ɗago mini hannu ta taga, na ɗaga mata. Shekara uku ke nan da tashinsu. Ina jin labarinsu wurin masu zuwa Tudun Jukun, an ce yanzu lemo da ruwan leda yake sayarwa a bakin titi, kuma ciwon suga ya taɓa masa ido ɗaya. Har yau ban aika ba.